Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga FCCPC da NDPC kan firintocin da ake sayar mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya wato FCCPC, da shugaban hukumar kare bayanan jama'a wato NDPC, tare da ma'aikatanku baki ɗaya. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Ni mai ɗan bizines senta ne a Yelwa, nan cikin garin Bauchi. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a: taifin, firintin, fotokwafi, lamineshan, ɗaure firojet ɗin ɗalibai, ciro silif ɗin JAMB da na NIN, da hoton fasfo. Da ita na yi aure, da ita nake riƙe gida, akwai kuma yara biyu da suke koyon aiki a hannuna. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba, amma abin da zan faɗa ba kukana ni kaɗai ba ne. Kukan 'yan uwana masu shaguna ne daga Yelwa zuwa Gwallameji har cikin Wunti, da masu buga katin biki, da malaman makaranta da suka tara kuɗi suka sayi 'yar ƙaramar firinta suka ajiye a ɗaka don buga jarrabawar yara, da matan da suke buga sitikar turare da ta kek a gida. Dukkanmu mun sayi na'ura da guminmu, daga baya muka gano akwai abubuwa biyu manya da take yi waɗanda babu wanda ya gaya mana ranar ciniki, kuma har yau ba mu ji wata sanarwa a kansu ba, ko a rediyo ko a jikin kwali. Wannan shirun ne ya sa na zauna na rubuto muku.

Na farko, maganar ɗige-ɗigen ɓoye.

Akwai wani matashi da yake mana gyaran firinta, wata rana ya zo yi min sabis bayan isha'i, muna cikin hira sai ya ce, Oga ka san kowace takarda mai kala da wannan babbar firintar leza ɗin taka ta fitar tana ɗauke da sa hannunta? Na ce wane irin sa hannu kuma. Bai yi gardama da ni ba, sai kawai ya ɗauko ragowar wata takardar gayyatar ɗaurin aure da muka buga da rana, ya ce in kashe ƙwan shago, ya kunna wata 'yar tocila mai shuɗin haske, ya ɗora gilashin nan na ƙara girma da yake duba wayoyin cikin inji da shi. Wallahi sai ga su. Ƙananan ɗigo, kan allura ma ya fi su girma nesa ba kusa ba, a jere layi-layi, daga saman takarda har ƙasa, har gefen da babu rubutu ko kaɗan. Da na kunna ƙwai sai takarda ta koma fara fat kamar ba komai, saboda ɗigon yalo ne mai haske sosai, ido ba ya kama shi a kan farar takarda, sai an haska shuɗi ya koma duhu-duhu. Na daɗe a tsaye ina juya takardar nan. Dubban takardu nawa na miƙa wa mutane da hannuna ban san da wannan ba?

Ranku ya daɗe, wannan ba camfi ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Xerox da Canon suka ƙirƙiro wannan dabara, dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada a riƙa buga jabun kuɗi da injinan kala. Aka yi ta sayar da injinan kusan shekara ashirin jama'a ba su sani ba, sai a 2004 maganar ta fito fili, lokacin da aka ji hukumomin ƙasar Holan sun bi sawun masu buga jabu ta wannan hanya. A 2005 wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a a harkar fasaha da ke Amurka, EFF, ta zauna ta warware ma'anar ɗigon a injinan Xerox DocuColor: jeri ne na ɗigo 15 a kwance da 8 a tsaye, ana maimaita shi ko'ina a shafi, kuma abin da yake ɗauke da shi shi ne lambar jikin injin, da ranar da aka buga takardar, da lokacin har zuwa minti. Girman kowane ɗigo wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Tunda ko'ina ake maimaita shi, ko an yaga takardar, guntunta ma zai iya bada labari. Daga baya ita EFF ɗin ta daina ma sabunta jerin sunayen injinan da take gani da wannan alama, ta ce ga dukkan alamu sababbin firintocin leza masu kala duk suna da wata hanyar sa alama, ko da ba ta ɗigon yalo ba.

Wanda yake ganin abin wasa ne ya tuna da Reality Winner, wata matashiya da take aiki da wani kamfanin kwangila na hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A 2017 ta buga wata takardar sirri ta aika wa kafar labarai ta The Intercept, da aka wallafa hoton takardar sai masana suka duba suka karanto ɗigon, suka ga ranar 9 ga Mayu, 2017 aka buga ta, ga kuma lambar injin. Gaskiya ne masu binciken sun ce ta rajistar ofis suka gano ta, domin mutum shida ne kawai suka buga takardar, amma duniya ta ga cewa takarda da kanta tana iya tona asirin inda ta fito. A 2018 aka yanke mata hukuncin wata 63 a gidan yari. Ba ina yanke hukunci kan abin da ta yi ba ne, ina nuna muku ƙarfin abin ne kawai.

To yanzu ku dawo da shi nan gida. A wurinmu yawancin mutane ba su da firinta, shago suke zuwa. Mutum zai shigo da filashi ko ya turo ta WhatsApp ya ce a fitar masa kwafi uku, ya biya ya tafi, ni kuma ƙa'idata ba na karanta takardar kwastoma, amana ce, in ba taifin aka ba ni ba. A cikin masu zuwa akwai mai takardar asibiti, akwai mai takardar gado, akwai mai rubuta koke kan wani babba da ya danne masa haƙƙi, wanda bai sa sunansa ba saboda yana tsoron abin da zai biyo baya. Idan takardar nan ta faɗa hannun wanda yake da hanyar karanta ɗigon, ba wanda ya rubuta za ta nuna ba, shagona za ta nuna, ni za a zo a tasa a gaba a ce wa ya zo ranar kaza ƙarfe kaza. Ko in faɗi sunan bawan Allah in ci amanarsa, ko in ce ban sani ba a ce ina ɓoyewa. Lokacin siyasa kuwa ba sai na faɗa muku yadda fosta ɗaya take iya ja wa mutum masifa ba. Ga kuma injinan da yawancinmu muke saya na hannu ne, 'yan Beljiyam, Allah kaɗai ya san hannu nawa suka bi kafin su iso Bauchi, lambar jikinsu kuma tana nan ba ta canzawa. Shi kuwa wanda ya ajiye tasa a gida, ya yi rajistar garanti da sunansa da lambar wayarsa, ai shi kam kai tsaye ne, takarda ta nuna inji, inji ya nuna ƙofar gida.

Gwamnatin tarayya da kanta ta fito da tsarin kwarmata bayanai a Disamban 2016, tana roƙon jama'a su tona asirin masu wawure dukiyar ƙasa. Ta yaya za a ce wa ƙaramin ma'aikaci ya fito da gaskiya a ɓoye sunansa, alhali takardar da zai kawo tana ɗauke da adireshinta bai sani ba? Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa, ga kuma dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ita ce ta tsayar da NDPC da ƙafafunta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ni ma an taɓa cusa min jabun dubu ɗaya da magariba cikin cunkoso, na san zafinta, ba na goyon bayan mai buga jabu ko mai ƙirƙirar satifiket na bogi, kuma in hukuma ta zo da takardar kotu tana neman mai laifi zan bada haɗin kai. Abin da na ƙi shi ne a yi min abu a ɓoye cikin kayana. Kuma ilimin karanta ɗigon nan ya daɗe da fita daga hannun hukuma kaɗai, a 2018 masu bincike a jami'ar fasaha ta Dresden da ke Jamus sun saki wata manhaja kyauta mai suna DEDA wadda take karanta shi, take kuma iya rufe shi da ƙarin ɗigo. Kenan mai wayo da mugun nufi ya san yadda zai kare kansa, talaka mai gaskiya ne kawai aka bari a fili.

Na biyu, maganar tawada, wadda ita ce take cinye mana jari kullum.

Bara lokacin da ɗalibai suke miƙa firojet, wata ɗaliba ta zo min wajen tara na dare, shafi tamanin da wani abu, baƙi da fari zalla, gobe da safe za ta tsaya gaban malamai. Babbar injina tana wurin gyara, sai na kunna ƙaramar mai ruwan tawada. Babu wuta, janareta na ta ruri yana shan fetur. An fitar da shafi goma sha biyu sai ta tsaya cak, jan fitila na ƙiftawa, wai yalo ya ƙare. Katirij ɗin baƙi sabo ne dal, ranar na sa shi, na ciro na girgiza ina jin ruwan yana motsi a ciki. Na shiga saitin na zaɓi baƙi kawai, ta ƙi. Na kashe na kunna, ta ƙi. Yarinyar nan tana zaune kan benci ta rungume jakarta, tun tana cewa Yaya ba komai zan jira, har ta yi shiru idonta ya ciko. Ƙarshe sai da na sa yarona ya raka ta a Keke zuwa shagon wani abokina da na tasa daga barci, na biya kuɗin Keken daga aljihuna. A cikin shafukan nan tamanin babu ɗigon yalo ko ɗaya da ake buƙata.

Na san amsar da kamfanoni suke bayarwa: wai injin yana jan kowace kala kaɗan-kaɗan don wanke kan da yake fesa tawada, in aka bar wani layi ba ruwa zai bushe ya toshe. Akwai gaskiya a ciki, mu da muke fama da hunturu da ƙurar Bauchi mun fi kowa sanin yadda kai yake toshewa in an kwana biyu ba a yi aiki ba. Amma ai inji nawa ne. A gargaɗe ni, a ce in ka ci gaba kan zai iya lalacewa, ka yarda? In danna eh in ɗauki asarata da kaina. Kuma shi wankin kan da injin yake yi da kansa duk lokacin da aka kunna, tawadarmu yake zuƙewa, a garin da wuta take ɗaukewa ta dawo sau biyar a wuni sai ka ga kala ta ƙare alhali ba ka buga hoto ko ɗaya ba. Wasu 'yan uwana suna cewa saboda ɗigon ɓoye ne ake tilasta mana sayen yalo. Ni na raba maganganun biyu, domin a injinan leza masu kala aka tabbatar da ɗigon, ƙin aiki saboda kala kuma ya fi damun masu ruwan tawada. Inda suka haɗu shi ne duk biyun ba a gaya wa mai saye.

Bayan haka ga ɗan cip ɗin da suke mannawa a jikin katirij. Da can mukan yi rifilin da sirinji, ko mu sayi katirij na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, aiki na tafiya. Yanzu sai ka haɗa firinta da intanet ta yi afdet da kanta cikin dare, gari ya waye ta ce ba ta san katirij ɗin da jiya ta yi aiki da shi lafiya lau ba. Wannan ba zargi ba ne, abu ne da duniya ta shaida: a Satumban 2016 firintocin HP da yawa sun daina karɓar katirij ɗin da ba nasu ba a lokaci guda, ta wani tsari da suka kira Dynamic Security, surutu ya yi yawa har kamfanin ya bada haƙuri kan rashin yi wa mutane bayani. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya, takwararku kenan, ta ci HP tarar Yuro miliyan 10 saboda bai sanar da masu saye wannan takunkumi yadda ya kamata ba. A 2021 an kai Canon ƙara a Amurka kan injinan da suke ƙin yin sikanin idan tawada ta ƙare, alhali sikanin ba ya shan tawada ko ɗigo. Sannan a farkon 2022, da aka shiga ƙarancin cip a duniya, Canon da kansa ya fitar da tona, wato garin tawadar injinan leza, marar cip ya kuma koya wa kwastomominsa yadda za su tsallake gargaɗin da injin yake nunawa. Ashe dai injin yana iya aiki ba tare da cip ba in kamfani ne yake cikin matsi. A Janairun 2024 kuma shugaban HP na lokacin, Enrique Lores, ya faɗa a tashar CNBC cewa burinsu nan gaba shi ne firintin ya koma abin biyan kuɗi wata-wata. Mu kam mun ji, kuma hankalinmu ya tashi.

Akwai ƙananan abubuwa ma da ba zan ja su da tsawo ba: injin da yake kulle kansa wai soson da yake tsotse ragowar tawada ya cika, lissafi kawai ya yi ba dubawa ya yi ba, da katirij na asali da injin yake ƙi saboda wai na wani yankin duniya ne, kai kuma Beljiyam ka saya ba ka san daga wace ƙasa ta taso ba.

Duk wannan yana faɗowa ne kan mutanen da tuni suka jigata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, Dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, katirij da tona da takarda kuwa duk da Dala ake shigo da su. Akwai ƙananan firintocin da in ka haɗa kuɗin cikakken saitin katirij na asali sau biyu ka sayi wata sabuwa. Ni in na ƙara kuɗin shafi, ɗalibin da ya zo da kuɗin abincinsa ne zai biya. In ban ƙara ba in rufe shago. Ga katirij da muke zubarwa da sauran tawada a ciki, da injina masu lafiya da aka jibge a bayan shaguna saboda cip, daga can sai bola, yara 'yan jari bola su fasa su ƙone robar, hayaƙin mu sha.

Ranku ya daɗe, mun ga abin da kuka yi a Yulin 2024, lokacin da FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, bayan binciken da kuka yi tare da NDPC. Ranar mun ji daɗi, mun ce ashe akwai mai tsaya mana. Dokar da ta kafa FCCPC ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani a fili cikin harshen da zai gane. Da wannan ƙarfin nake roƙonku.

Ku wajabta wa duk mai shigo da firinta ƙasar nan, sabuwa ko ta hannu, ya manna takarda a jikin kwali da jikin injin da manyan baƙaƙe, ta faɗi ko tana sa alamar ɓoye a takarda, ko tana buga baƙi idan kala ta ƙare, ko tana sikanin ba tawada, ko tana karɓar rifilin da katirij na wani kamfani. A rubuta da Turanci da Hausa da sauran manyan harsunanmu, kuma ku haɗa kai da hukumar kula da ingancin kaya ta SON don kada kaya su wuce tashar ruwa ba tare da ita ba. Wanda ya sayar ya ɓoye, a ba mai saye damar mayar da kaya a ba shi kuɗinsa.

Ku hana afdet ɗin da yake kashe katirij bayan an riga an sayi inji. Abin da na saya yana aiki jiya, kada wani daga wata ƙasa ya kashe min shi yau, in kuwa an yi, a biya diyya kamar yadda ake biyan mutanen Turai da Amurka.

Ita kuma NDPC, muna son ta fito ta faɗa mana matsayin doka a sarari: lambar inji da rana da lokaci da ake bugawa a ɓoye, in aka haɗa da sunan wanda ya yi rajistar garanti, bayanan mutum ne da doka ta kare ko kuwa? Ku tambayi kamfanonin da suke da wakilai a Najeriya me ɗigon injinansu yake ɗauke da shi, wa suke ba wa bayanin mai inji, kuma bisa wane sharaɗi. A tsayar da ƙa'ida cewa ba a bin sawun takarda sai da umarnin kotu, kuma a rubuta ƙarara cewa mai shago ba mai laifi ba ne don kawai takarda ta fita daga injinsa.

Sannan dan Allah ku zo Bauchi. Ku tara mu a zaure ɗaya, masu shaguna da masu gyara da dillalan kayan kwamfuta, ku shiga gidajen rediyonmu ku yi bayani da Hausa, ku ba mu lambar da za mu kira mu kai ƙorafi a ɗauka. In kun zo ku biyo ta Yelwa bayan magariba, takardar gayyatar nan tana nan a durowata na adana ta, tocilar ma na sayi tawa, zan kashe ƙwai in nuna muku da idonku.

Na gode da kuka karanta. Allah ya yi muku jagora.

Wassalam,
Naku, mai bizines senta,
Yelwa, Bauchi.